Kiwon kifin ado a gida: Yadda ake haɗa kifaye masu zaman lafiya a tanki guda

Da yawa daga cikin kifayen adon da sababbin masu kiwo ke saya ba sa wuce makonnin farko a gida. A kan ɗora laifin kan mai shago ko kan rashin sa'a, alhali a mafi yawan lokuta gubar da kifin ke fitarwa daga jikinsa ce ke kashe shi, domin an zuba shi a tankin da bai shirya karɓarsa ba. Wannan maƙala ta tattaro abin da ya kamata mai sha'awar kiwon ya sani: girman tanki, gyaran ruwa, nau'in kifayen da ke jituwa da juna, dabarun jure ɗaukewar wuta da zafin bazara, da kuma inda ake samo kifayen.

Ma'anar tankin haɗaka

Tankin haɗaka shi ne akwatin gilashi da ake tara kifayen ruwan daɗi iri daban-daban a ciki, da sharaɗin babu mai cin wani, babu mai korar wani, kuma dukkansu irin ruwa ɗaya da zafi ɗaya suke buƙata. Ya bambanta da kiwon tarwaɗa ko ƙarfasa da ake yi a kududdufi don abinci. A nan kifin ɗan ƙarami ne, galibi bai wuce tsawon ɗan yatsa ba, kuma ana sa ran ya rayu shekara uku zuwa biyar, wasu ma fiye.

Sinawa sun yi ƙarnoni suna kiwon jan kifin ado a tukwane da tafkuna, amma tankin gilashi irin na yau a Ingila ya samo asali. A 1850 masanin sinadarai Robert Warington ya nuna cewa tsiron ruwa na iya samar wa kifi iskar da zai shaƙa a cikin mazubi. A 1853 aka buɗe gidan kallon kifi na farko a gidan namun daji na Landan, inda Philip Henry Gosse ya taka rawa wajen cika tankunan. Kifayen ƙasashe masu zafi sun fara shiga kasuwar Turai ne bayan 1869, shekarar da aka kai wani kifin ado daga Sin zuwa Faransa, Pierre Carbonnier kuma ya hayayyafa shi a Paris.

Girman tanki da wurin ajiye shi

Ƙaramin tanki ya fi babba wuyar kulawa. Idan ruwa kaɗan ne, datti kaɗan ya isa ya gurɓata shi, zafinsa kuma yana hawa da sauka cikin sauri. Shi ya sa masu ƙwarewa ke shawartar mai farawa da tankin da ya kai lita 60 zuwa 80. Ana gane yawan ruwan ta hanyar ninka tsawo da faɗi da zurfi a santimita, a raba da 1,000. Tanki mai tsawon santimita 60, faɗi 30, zurfi 35 yana ɗaukar lita 63. Dogon tanki ya fi mai zurfi amfani, domin ta saman ruwa iskar oksijin ke shiga, kuma kifi a kwance yake iyo.

Zagayayyen kwanon gilashi da ake yawan ba da shi kyauta ba mazauni ba ne na kifi. Bakinsa ƙarami ne, ba shi da wurin saka na'urar tace ruwa. Majalisar birnin Rum ta Italiya ta haramta ajiye kifi a irinsa tun 2005.

Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, saboda haka tankin lita 60 da tsakuwarsa da gilashinsa zai doshi kilo 80. Yana buƙatar teburi mai ƙarfi da ya daidaita, nesa da taga, domin hasken rana kai tsaye yana dafa ruwa, yana kuma haifar da gansakuka. Murfi wajibi ne: yana hana kifi tsalle waje, yana tare ƙura, yana rage ƙafewar ruwa.

Kayan aikin da ba makawa sai da su su ne na'urar tace ruwa, famfon iska, ma'aunin zafi, fitila, tsakuwa ko yashi mai laushi, tiyon zuƙe datti, 'yar ragar kama kifi, maganin kashe kulorin, da kayan gwajin ruwa. A ware bokiti guda wanda sabulu bai taɓa shiga ba, domin ragowar sabulu na lahanta gaɓoɓin numfashin kifi.

Makonni shida kafin kifi ya shiga

Wannan shi ne matakin da aka fi tsallakewa, shi ne kuma ya fi jawo asara. Kifi na fitar da sinadarin amoniya ta gaɓoɓin numfashinsa, kashinsa da ragowar abinci kuma suna ƙara ta idan sun ruɓe. A kogi ruwa ke tafiya da ita. A tanki ba ta da wurin zuwa, kuma ko kaɗan daga cikinta guba ce, musamman idan ruwan ya yi ɗumi ko ya karkata ga kanwa-kanwa.

Wasu ƙwayoyin bakteriya masu amfani ne ke magance ta. Rukuni na farko yana mayar da amoniya zuwa naitirayit, wanda shi ma guba ne, domin yana hana jinin kifi ɗaukar oksijin. Rukuni na biyu yana mayar da naitirayit zuwa naitiret, wanda cutarwarsa kaɗan ce, ana kuma rage shi ta canjin ruwa da shuka tsirrai. Waɗannan ƙwayoyi ba a cikin ruwa suke yawo ba. A jikin soson na'urar tacewa da tsakuwa suke manne, kuma a sabon tanki kusan babu su. Yaɗuwarsu na ɗaukar mako huɗu zuwa shida.

Hanyar da ta fi tsira ita ce a cika tanki, a kunna na'urar tacewa, a riƙa jefa ɗan tsunkulen abincin kifi kowace rana ba tare da kifi a ciki ba. Gwaji zai nuna amoniya ta hau ta sauka, naitirayit ya biyo baya ya hau ya sauka, sannan naitiret ya bayyana. Idan na farko da na biyu suka tsaya a sifili na tsawon kwanaki, tanki ya nuna. Wanda ya samu tsohon soso daga lafiyayyen tankin wani mai kiwo zai iya rage wannan jira sosai. Daga nan a kiyaye naitiret ƙasa da miligiram 40 a kowace lita, ƙasa da 20 ya fi.

Ruwan famfo da na rijiya

Ruwan famfo na hukuma na ɗauke da kulorin, wanda ke kashe kifi da bakteriyar tanki baki ɗaya. Kulorin zalla yana fita idan aka bar ruwa a buɗe kwana ɗaya ko biyu, amma inda ake haɗa shi da amoniya ba ya fita da kansa, sai da maganin da ake sayarwa don haka. Ruwan rijiya ko na burtsatse ba shi da kulorin, sai dai yana iya zuwa da ma'adinai masu yawa, ko ƙarfe, ko naitiret daga takin gona da masai na kusa. A gwada shi kafin a yi amfani da shi.

Abu biyu ake dubawa: ma'aunin tsami na pH da nauyin ruwa, wato yawan ma'adinan da suka narke a ciki. Yawancin kifayen haɗaka suna zama lafiya tsakanin pH 6.5 da 7.5, a zafin digiri 24 zuwa 27 na ma'aunin Salshiyos. Ya fi sauƙi mutum ya zaɓi kifin da ya dace da ruwan unguwarsa, a kan ya riƙa zuba sinadarai don sauya ruwan, domin hawa da saukar pH ta fi illa a kan lambar da ta ɗan kauce amma ta tsaya wuri ɗaya.

Kifayen da ke jituwa

Ana tsara tanki hawa uku: masu iyo a sama, masu iyo a tsakiya, da masu kiwo a ƙasa.

Gupi, wato Poecilia reticulata, asalinsa arewa maso gabashin Kudancin Amurka da tsibirin Tirinidad. Ya samo sunansa daga Robert John Lechmere Guppy, wanda ya aika samfurinsa Landan a 1866. Shi da 'yan uwansa filati da moli suna son ruwa mai nauyi, kuma 'ya'ya suke haifa kai tsaye, kusan duk wata. A haɗa namiji ɗaya da mata biyu ko uku, domin maza na matsa wa mata lamba. Wanda ba ya son tanki ya cika da 'ya'ya sai ya ajiye maza zalla.

Niyon tetra, Paracheirodon innesi, ɗan yankin Amazon ne, an yi masa suna a kimiyyance a 1936. Bai wuce santimita huɗu ba, yana da zanen shuɗi da ja. Ya fi son ruwa mai ɗan sanyi, digiri 21 zuwa 26. Ɗan uwansa kadinal tetra ya fi shi jure ɗumi, saboda haka ya fi dacewa da ɗaki mai zafi. Dukkansu suna son ruwa mara nauyi, kuma ba a saka su a sabon tanki sai ya zauna sosai.

Rasbora mai baƙin tabo, Trigonostigma heteromorpha, daga Maleshiya, Singafo, Tailan da Sumatira yake. Yana da haƙuri da juriya. Zebra daniyo na Indiya da Bangaladash ya fi shi ƙarfin jiki, amma yawan zirga-zirgarsa na takura wa kifaye masu sanyin hali. Shi ne kifin da ɗakunan binciken likitanci ke amfani da shi, domin kusan kashi 70 cikin 100 na ƙwayoyin gadon ɗan Adam suna da takwara a jikinsa.

Koridoras ƙananan dangin tarwaɗa ne daga Kudancin Amurka, masu gashin baki, masu kiwo a ƙasa. Suna buƙatar yashi mai laushi domin tsakuwa mai kaifi na cinye gashin bakinsu. Sukan haura sama su haɗiyi iska lokaci-lokaci, wannan ɗabi'arsu ce. Ba a barin su da ragowar abinci kawai, a ba su nasu mai nutsewa. Nau'in sterbai ya fi sauran jure ruwa mai ɗumi.

Gurami mai launin zuma daga Indiya da Bangaladash yana zama a sama, yana iya shaƙar iska daga waje, kuma ba shi da faɗa. Fileko mai gashin hanci yana tsayawa a santimita 12 zuwa 15, yana kankare gansakuka, amma yana buƙatar guntun itace da kayan lambu kamar kokwamba.

Tetra, rasbora, daniyo da koridoras kifayen garke ne. Ƙasa da shida na nau'i ɗaya suna zama cikin tsoro, launinsu ya dushe, su riƙa ɓuya. Tankin lita 60 zuwa 70 zai ɗauki rasbora takwas, ƙananan koridoras shida da gurami biyu. Ba a zuba su rana ɗaya. Garke ɗaya ake fara sakawa, a jira mako biyu, a gwada ruwa, sannan a ƙara na gaba.

Waɗanda ba a haɗawa

Duk kifin da bakinsa zai iya ɗaukar maƙwabcinsa, wata rana zai haɗiye shi. Oska yana wuce santimita 30. Kifin mala'ika idan ya girma yana cin niyon tetra. Taiga bab yana yagar wutsiyar gupi da gurami. Mazan beta biyu suna faɗa har ɗaya ya jikkata ko ya mutu. Jan kifin ado na Sin ruwan sanyi yake so, yana kai santimita 20 zuwa 30, dattinsa kuma ya fi ƙarfin ƙaramin tanki. Fileko na gama-gari da ake sayarwa yana ɗan ƙarami yana iya kai santimita 40, kifin pangasiyus kuwa yana wuce mita ɗaya. Haka nan 'ya'yan tarwaɗa, minjirya ko giwan ruwa da aka kamo daga kogi za su cinye abokan zamansu. Kafin a biya kuɗi, a nemi sanin girman da kifin zai kai idan ya manyanta.

Saye da sauke sabon kifi

A duba tankin shagon gaba ɗaya. Idan akwai matacce a ciki, ko mai fararen ɗigo a jiki, ko mai ramammen ciki, ko wanda ya maƙale fika-fikansa, a bar duk kifin wannan tanki. A guji kifin da aka yi wa allurar rini don ya yi launi, domin rinin yana gushewa, kifin kuma ya fi saurin kamuwa da cuta.

A gida a kashe fitila, a ɗora ledar a saman ruwa minti 15 zuwa 20 don zafi ya daidaita, a riƙa ƙara ruwan tanki kaɗan-kaɗan a cikinta, sannan a ɗauko kifin da raga. Ruwan shago ba ya shiga tanki. Wanda ya riga yana da kifaye ya killace sababbi a wani mazubi na mako biyu zuwa huɗu.

Ciyarwa da aikin mako

Yawan abinci ya fi yunwa kashe kifin tanki. Sau ɗaya ko biyu a rana, abin da za su cinye cikin minti biyu, ya wadatar. Lafiyayyen babban kifi yana iya kwanaki ba abinci, saboda haka tafiyar kwana uku ba ta buƙatar a zuba masa tsibi kafin a fita.

Duk mako a zuƙe kashi 20 zuwa 30 cikin 100 na ruwan da tiyo, ana tsotse dattin da ke cikin tsakuwa, a mayar da sabon ruwa da aka kashe wa kulorin, mai zafi kusa da na tanki. Cika gurbin ruwan da ya ƙafe ba canjin ruwa ba ne, domin ma'adinai da naitiret ba sa bin tururi. Soson na'urar tacewa a cikin tsohon ruwan tanki ake matse shi, sau ɗaya a wata. Wanke shi a famfo, ko kwashe tanki gaba ɗaya a goge shi tas, yana kashe bakteriyar da aka yi makonni ana rainonta. Fitila ta yi awa takwas a rana. Tsirrai masu sauƙi irin su anubiyas, wanda ɗan Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ne, suna ba kifi mafaka kuma ba sa buƙatar haske mai ƙarfi.

Ɗaukewar wuta, bazara da hunturu

Inda wutar lantarki ba ta tsayawa, babban haɗari shi ne ƙarancin oksijin. Ruwa mai digiri 20 yana riƙe kusan miligiram 9 na oksijin a lita, mai digiri 30 kuwa kusan 7.5, alhali a zafi ne jikin kifi ya fi buƙatarsa. Idan aka ga kifaye sun taru a sama suna haki, iska ta yi ƙaranci. Na'urar tacewa ta soso da famfon iska ke turawa ita ce ta fi dacewa, domin wat biyu zuwa biyar kawai take ci, akwai kuma famfunan da ke aiki da batir ko ma'ajin cajin waya. Idan babu ko ɗaya, a riƙa ɗebo ruwan tanki da kofi ana kwararo shi daga sama, a kuma dakatar da abinci har wuta ta dawo. Rufaffiyar na'urar da ta tsaya sa'o'i da yawa sai an ɗauraye ta kafin a kunna, domin ruwan cikinta ya ruɓe.

A watannin Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke kai digiri 40 a garuruwa irin su Kano, Sakkwato da Maiduguri, fanka da ke hura saman ruwa na iya sauke digiri biyu ko uku. Ana iya ɗora rufaffiyar gorar ƙanƙara a kan ruwa, amma ba a jefa ƙanƙara tsirara. Da hunturu kuwa, sanyin dare na iya sauke ruwa ƙasa da digiri 20, sai a saka na'urar ɗumama ruwa, kimanin wat ɗaya ga kowace lita, ko a lulluɓe tankin da bargo.

Maganin sauro na feshi, na hayaƙi da fiya-fiya duk guba ne ga kifi ko da ɗan ƙanƙani ne. Kafin a yi feshi a rufe tanki ruf, a kashe famfon iska domin yana zuƙo iskar ɗakin ya tura cikin ruwa, kada a buɗe sai ɗakin ya sha iska.

Cututtuka

Cutar fararen ɗigo ce ta fi yawa. Wata ƙwayar halitta ce ke manne wa kifi, ya zama kamar an barbaɗa masa gishiri, yana goga jiki da duwatsu. Magani yana kashe ta ne kawai a lokacin da ta bar jikin kifi tana yawo a ruwa, shi ya sa ake ci gaba da ba da shi kwanaki bayan ɗigon ya ɓace. Ruɓewar wutsiya kusan kullum alamar ƙazamin ruwa ce. Duk lokacin da kifi ya sauya hali, gwajin ruwa da canza wani kaso nasa ake fara yi. Zuba magungunan kashe ƙwayoyin cuta na mutane a tanki yana hallaka bakteriyar tacewa, yana kuma taimaka wa ƙwayoyin cuta su bijire wa magani. Mai rauni a hannu ya sa safar roba, domin akwai cutar fata da ake ɗauka daga ruwan tanki.

Daga ina kifin ke fitowa

Mafi yawan kifayen ruwan daɗi da ke kasuwa a gonaki ake haifarsu, musamman a kudu maso gabashin Asiya, inda Singafo ta daɗe tana cikin manyan cibiyoyin fitarwa. Sauran daga daji ake kamo su, kuma sakamakon ya bambanta daga wuri zuwa wuri. A garin Barcelos da ke gaɓar kogin Negro a Brazil, iyalai da dama da kamun kadinal tetra suke rayuwa, kuma shirin Project Piaba na ganin wannan sana'a na ba su dalilin kare dajin. A jihar Kerala ta Indiya kuwa, kamun kifin Denison bab don fitarwa na cikin abin da ya jefa shi jerin halittun da ke fuskantar barazanar ƙarewa.

Najeriya ma tana cikin wannan ciniki. Daga Legas ake fitar da kifayen ado da aka kamo a kogunan kudu, irin su kifi mai hancin giwa, kifin malam-buɗe-littafi, da wani dogon kifi mai kama da maciji wanda sunansa na kimiyya, Erpetoichthys calabaricus, ke ɗauke da sunan Kalaba. Kiribensis, wanda ake kiwo a tankunan haɗaka a faɗin duniya, asalinsa kudancin Najeriya da gaɓar Kamaru, ko da yake yana yin faɗa idan yana gadin 'ya'yansa. Yankin Neja Delta da wasu daga cikin waɗannan kifaye ke rayuwa shi ne ke fama da malalar mai da sare dazuka. Mai saye yana da damar tambayar ko kifin na gona ne ko na daji.

Abu na ƙarshe shi ne sakin kifi a kogi, dam ko magudana idan an gaji da shi. Fileko da aka saki ya mamaye kogin Marikina a Filifin da madatsar El Infiernillo a Meziko, inda yake lalata komar masunta, yana kuma takure kifayen da suke kamawa don abinci. Tsiron nan mai furen shunayya da ke toshe hanyoyin ruwan Legas tun tsakiyar shekarun 1980 ɗan Kudancin Amurka ne, a matsayin kayan ado ya yaɗu a duniya. Wanda ba zai iya ci gaba da kiwo ba ya mayar da kifin ga shago ko ya ba wani mai tanki, tsirran da aka cire kuma a shanya su su bushe kafin a zubar.